Ni da Gwaggo a Istanbul tsakiyar sanyi, da jaka biyu kacal

Ranar da na shaida wa Gwaggo cewa ba za mu auna akwati ko ɗaya a filin jirgi ba, shiru ta yi tana kallona kamar na ce mata za mu gidan biki ba ɗankwali. Can ta ce, "Ke 'yar nan, ƙasar waje za mu ko gidan maƙwabta?"

Akwatuna uku ne a buɗe a tsakar ɗakinta. Na farko atamfofi da leshi. Na biyu bargo da rigunan sanyi. Na uku kuwa abin da ta kira guzuri: kilishi, dambun nama, garin kunu, yaji, kuka, turaren wuta da ɗan kaskonsa, sai buta sabuwa fil. Tafiyar kuma ta kwana shida ce.

Gwaggo yayar mahaifina ce, shekararta 67, tana fama da ciwon suga da hawan jini. Wata shida kafin wannan rana aka yi mata aikin gwiwa a wani asibiti a Istanbul, aka sa mata ta ƙarfe. Ɗanta ne ya raka ta a lokacin, da akwatuna biyar. Huɗu suka sauka tare da su, ɗaya sai bayan kwana uku, kuma a cikinsa aka zuba allurarta ta insulin da duk ƙwayoyinta. Ina bakin aiki a Kaduna da daddare ya kira ni muryarsa na rawa, yana tambayata sunan maganin da ko shi bai taɓa riƙewa ba. Allah ya kiyaye, asibitin suka ba ta wasu. Amma ni ban manta da wannan daren ba.

Da lokacin komawa ganin likita ya yi a watan Janairu, dangi suka ce, "Ai ga nas a gida." Duk ma'aikaciyar jinya ta san wannan magana. Na karɓi hutun mako guda, na kai yarana biyu wajen Mama, sannan na zauna na yi lissafi. Hannu biyu gare ni. Gwaggo da sanda take tafiya, ko matakala ɗaya ce sai an riƙe ta. Ke nan hannu ɗaya nata ne. Saura ɗaya. Tikitinmu ya ba mu damar auna manyan akwatuna, don haka ba kuɗi ne ya hana ba. Abin da na rasa shi ne hannun da zai ja su.

Kilo takwas

Kamfanin jirgin da muka bi ya yarda kowane fasinja ya shiga da jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 8 ba, girmanta santimita 55 da 40 da 23, sai 'yar ƙaramar jakar hannu da za ta shige ƙarƙashin kujera. Wasu kamfanonin kilo 7 suke bayarwa, saboda haka kowa ta duba tikitinta kafin ta fara haɗa kaya, kada ta dogara da abin da maƙwabciya ta gaya mata. Na sa wa kaina doka cewa kowace jaka ba za ta kai kilo 7 ba a tafiya, don a samu wurin tsaraba a dawowa.

Na ɗauki jakar goyo, na ba Gwaggo ƙaramar akwati mai taya huɗu wadda ni zan ja. Jakar goyon ba kilo ɗaya gare ta ba in babu komai a ciki, akwatin kuwa ya haura kilo biyu. Wannan shi ne abu na farko da na lura da shi: akwatin da kansa yana cin rabonki tun kafin ki sa ko ɗankwali. Wadda ta saba goya yaro mai kilo goma tana tuƙa tuwo, jakar kilo bakwai a baya ba za ta gagare ta ba.

Muka shafe yammaci guda ni da Gwaggo da sikelin banɗaki a tsakaninmu. Duk abin da ta ɗaga, tambaya ɗaya nake mata: "Gwaggo, wace rana za ki sa shi?" In ta ce Litinin ko Talata, ya shiga. In ta ce "ko da za a buƙata," ya koma durowa. Kashi biyu cikin uku na kayan nan na "ko da" ne.

Sanyin can ba hunturu ba ne

Mu a nan mun san sanyi. A Kaduna cikin Janairu da asuba sai ka ji kamar hanci zai tsage, ga ƙura ga bushewar leɓe. Amma sanyinmu busasshe ne, kuma hantsi na yi rana ta kore shi. A Istanbul cikin Janairu ma'aunin zafi kan tsaya wajen 8 ko 9 da rana, ya sauka zuwa 3 ko 4 da dare, wata shekarar har ƙanƙara ta zuba. Lambar ba ita ce abin tsoro ba. Garin a bakin ruwa yake ta kowane gefe, iska ɗauke take da laima, kuma yayyafi ba ya sallama kafin ya sauko. Suna da wata iska da suke kira foyraz, daga arewa maso gabas take busowa kamar dai hunturunmu, sai dai ita ta kan Baƙin Teku take ratsowa, tamu kuwa ta kan Sahara.

Abin da muke koya wa iyayen jariran da aka haifa bakwaini shi ne ya yi mana amfani a nan. Tufa ba ta haifar da ɗumi, jiki ne ke haifar da shi. Aikin tufa ta tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu. Shi ya sa riguna uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, suka fi guda ɗaya mai nauyin bargo, domin tsakanin kowace biyu akwai iskar da ta maƙale. Babban abokin gaba kuma shi ne jiƙewa. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Auduga tana shan gumi ta riƙe, sai ki ji kin fito daga wuri mai ɗumi rigar cikinki ta zama kamar tsumman da aka tsoma a randa.

Don haka hawa uku na tsara mana. Na farko riga da dogon wando masu kama jiki, na roba ko na ulu, ba na auduga ba. Na biyu suwaita mara nauyi. Na uku doguwar jaket mai hula wadda ruwa da iska ba sa ratsa ta. A kan wannan sai safar hannu, safar ƙafa ta ulu, da gyalen ulu mai faɗi da za a naɗa a wuya a kan hijabi.

Ban je wani babban kanti ba. Kasuwar Barci na shiga, wajen 'yan gwanjo, ranar da aka kwance dila. A nan na samo jaket biyu da suwaita uku da kayan ciki na sanyi, na wanke su da ruwan zafi na shanya. In za ki gwada jaket, ki sa ta a kan suwaita, ki ɗaga hannu sama ki gani ko za ki iya kabbara a cikinta. Ki duba zif ɗin sau uku. Ki ɗiga ruwa a hannun rigar: in ya gangare ta yi, in ya nutse ki ajiye musu kayansu.

Abin da ya shiga jaka

Duk abu mai nauyi a jikinmu ya yi tafiya. Jaket, suwaita, takalmi, gyalen ulu, babu wanda ya hau sikeli. A Abuja jaket ɗin a hannu na rataya su, ana ta kallonmu, ga zufa. Awa shida da wani abu bayan nan babu wanda ya fi mu gata.

A jakata akwai abaya biyu, baƙa da ruwan toka, bayan wadda ke jikina. Na sa tela ya rage tsawonsu da inci biyu, don in bakin abaya ya sha ruwan titi sai ya yi ta jan sa sama har ƙwauri. Sai kayan ciki na sanyi saiti biyu, suwaita ɗaya ta canji, mayafi ƙanana uku masu launi daban-daban, safa ƙafa uku, kamfai huɗu, rigar barci, silifas na roba, da siririyar sallaya mai naɗuwa. Ban ninke komai ba, naɗe su na yi kamar tabarma, na cusa safa a duk wani lungu.

Sai caja da adafta. Soket ɗin Turkiyya mai huda biyu ne zagayayyu, namu mai baki uku ba ya shiga. Fawa bank kuma dole ne ya kasance tare da ke a cikin jirgi, ba a yarda a sa shi a akwatin da aka auna ba.

Kayan ruwa-ruwa su ne suka fi ba mata wahala. Tun 2006 dokar yawancin filayen jirgi ita ce kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma duka su shige cikin leda ɗaya mai haske mai cin lita guda. Girman kwalbar ake dubawa, ba yawan abin da ya rage a ciki ba. Man shafawa da man goge baki duk a nan suke. Na ɗebi man kaɗanya a 'yar ƙaramar roba, shi ya yi mana na fuska da leɓe da diddige. Humra na zuba a kwalbar da ba ta fi ɗan yatsa ba. Sabulu na sanda na ɗauka, shi ba ya cikin lissafin ruwa, kuma shi ya yi wanka ya yi wanki.

Da muka zo kan guzuri aka kai ruwa rana. Kilishi da dambu suka zauna a gida, domin ƙasashe da yawa ba sa yarda matafiyi ya shigo musu da nama. Turaren wuta ma haka, tunda a ɗakin otal akwai na'urar da ke ihu in ta ji hayaƙi. Yaji na yarda da cokali huɗu a ƙaramar roba. Goro biyar, duk da hawan jini, don in an hana tsohuwa komai sai ta daina gaya maka gaskiya. Buta kuwa sai da na rantse mata cewa masan Turkiyya da ɗan famfonsa na tsarki a jiki ake ƙera shi. Ba ta yarda ba sai da ta gani da idonta.

Abu ɗaya ta ƙi sakin sa: atamfarta shuɗiya, riga da zani da ɗankwali. Ta ce, "Ba zan je gaban likita kamar wadda aka koro daga gida ba." Na ɗora a sikeli, na cire suwaitata ta uku, na sa mata.

Magani ba ya rabuwa da mai shi

Ko da akwati goma za ki auna, wannan sashen ki riƙe shi. Magani a jakar hannu yake tafiya, a cikin kwalinsa na asali mai suna, da rarar kwana uku ko huɗu ko da tafiya za ta ja. Na karɓi takarda daga likitanta da Turanci, mai sunan kowane magani da adadinsa da bayanin cewa tana buƙatar allura. Da ita a hannu babu wanda ya tsayar da mu kan insulin ko tsinken allurar. Na kuma ɗauki hoton takardar da na kowane kwali a wayata.

Insulin ba ya son tsananin zafi, kuma in ya daskare ya lalace ke nan ko da ya narke. Shi ya sa ba a sa shi a cikin kayan da ke tafiya a ƙasan jirgi. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kimanin mako huɗu ba firji in wurin ba zafi. A can, duk fitar da za mu yi, a aljihun ciki na jaket ɗina nake sa shi tare da na'urar gwajin suga, domin ita ma in ta yi sanyi sosai takan ƙi aiki. A ɗaya aljihun kuma dabino bakwai, saboda tafiyar ƙasa na iya saukar da suga ba zato.

Kwana biyu kafin tashi na nemi a tanadar mata keken marasa lafiya a filayen jirgi biyun. Na gaya wa masu bincike tun kafin ta shiga ƙofar cewa akwai ƙarfe a gwiwarta. A cikin jirgi ta sa safar matse ƙafa da likitanta ya amince da ita, ina tashinta lokaci-lokaci tana juya idon sawu tana shan ruwa, saboda dogon zama bayan aikin ƙafa na iya sa jini ya dunƙule a jijiya. Mai ciwon suga kada ta sayi irin wannan safa da ka, sai ta tambayi likita.

Saukarmu

Sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, gari ne guda. Daga bakin jirgi zuwa wajen duba fasfo tafiya ce mai nisa. Matashin da ke tura Gwaggo sauri yake kamar zai tashi sama, ni kuma ina biye da jaka a baya da akwati a hannu. Da muka iso inda mutane suka yi cirko-cirko suna jiran kaya, ya tsaya ya dube ni. Na girgiza kai. Ya sake duba jakunkunanmu biyu, ya yi murmushi, muka wuce. Gwaggo ta waiga ta kalli bel ɗin da ke juyawa, inda ta taɓa zaman awa biyu tana jiran akwatin da bai zo ba. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Daga filin zuwa tsohon gari kimanin kilomita 40 ne. Masaukinmu na kusa da Laleli, unguwar da 'yan kasuwarmu masu saro kaya suka sani sarai. Titin da ya shiga otal ɗin na duwatsu ne da aka jera, ga hawa, ga motar ba ta iya shiga lungun. Nan na gode wa Allah. Hannun dama na riƙe da Gwaggo, na hagu na ɗauke da akwatin da tayarsa ta ƙi gungurawa. Da akwai na uku, ban san wanda zan bari a bakin titi ba.

Agogonsu na gaban namu da awa biyu. A Janairu rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ta faɗi wajen shida. Yini gajere ne, don haka wuri ɗaya muke zuwa a rana, mu dawo kafin magariba. Mun sayi katin Istanbulkart guda, shi ke biyan taram, wato jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi, shi ke biyan jirgin ruwa. Layin T1 ya bi ta ƙofar unguwarmu ya wuce Beyazit da Sultan Ahmed har Eminonu a bakin ruwa.

Inda na yi kuskure

Na saya wa Gwaggo takalmi sau-ciki mai zif a gefe, mai ƙasan roba da ba ya santsi. Ni kuwa na ce kambas ɗina na aiki ya isa, tunda ina yin awa goma sha biyu a tsaye da shi. Na manta samansa raga ce.

Rana ta biyu muka je masallacin Sultan Ahmed, mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609. Yana fuskantar Aya Sofiya, ginin da aka kammala tun shekara ta 537, aka mayar da shi masallaci karo na biyu a 2020. Tsakanin su biyun fili ne fetal, ba inda za a raɓe. A nan ruwa ya same mu. Ba mamako ba ne, yayyafi ne siriri da iska ke kaɗo shi a kaikaice. Lemar da na saya a bakin titi ta juye ta karye cikin minti biyar. Jaket ta yi aikinta, jikina a bushe. Amma kafin mu kai ƙofar masallaci ina jin ruwa na motsi tsakanin yatsun ƙafata.

A ƙofar ana cire takalmi a sa a leda. Gwaggo ta zuge zif ta zare nata a tsaye, safarta a bushe ƙayau. Ni na tsaya ina kwance igiya da yatsun da suka sandare, sannan na cire safar gaba ɗaya don kunyar taka musu darduma da ita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama nas, wannan yana cikin kilo takwas ɗin ko a waje yake?"

Da yamma na sayi takalmin ruwa a wani shago a Laleli. Kambas ɗin na cusa masa takarda na jingina shi da hita. Da mai ciwon suga ce ta yi wannan gangancin, da abin ya wuce wasa, domin ƙafarsu ba ta cika jin sanyi ko rauni da wuri ba. Kullum dare sai na duba tafin ƙafar Gwaggo da tsakanin yatsunta. In za ki tsuke kuɗi a kan komai, kada ki tsuke a kan takalmi.

Kaya ɗaya kullum

Kowane ɗaki a can akwai ƙarfen ɗumama ɗaki da ruwan zafi ke bi ta cikinsa. Bayan isha sai in wanke safa da kayan ciki a wurin wanke hannu, in naɗe su a tawul in taka da ƙafa ruwan ya fita, in shanya a kusa da shi. Kafin asuba sun bushe. Da haka saiti biyu suka kai mu kwana shida. A ɗaki kuma muke alwala kafin mu fita, don famfunan masallatai a waje suke, ruwansu kamar na firji.

Abin da ban yi tsammani ba daga gida ya zo. Na sa hotunanmu a WhatsApp, sai wata 'yar uwa ta rubuto, "Duk rana ɗaya kuka ɗauki hotunan nan ne?" Na ji abin har raina. A cikin jama'a sama da miliyan 15 babu wanda ya san abin da na sa jiya, kowa cikin baƙar jaket yake yana sauri. Ashe rabin akwatunan da muke ja ba don garin da za mu je muke jan su ba, don idon waɗanda muka baro ne. Na nuna wa Gwaggo saƙon. Ta ce, "Ki ce mata eh, rana ɗaya ce, doguwa."

Ranar ganin likita ta sa atamfarta a kan wandon sanyi, ta kafa ɗauri, ta ɗora jaket. A cikin taram wata dattijuwa ta tashi ta ba ta kujera, ta shafa bakin zanin tana faɗin abin da ba mu ji ba sai "Masha Allah." Likita ya duba hoton ƙashi, ya sa ta lanƙwasa gwiwa ta miƙe, ta yi tafiya zuwa ƙofa ta dawo, ya ce komai ya zauna. A hanyar dawowa ta ce da ni, "Kin ga amfanin atamfa." A nan ita ce da gaskiya. A cikin kilo takwas, a bar wa mutum abu ɗaya da zai sa ya ji shi ne.

Washegari muka cika mata burinta. Daga Eminonu muka hau taram da ke bin gefen ruwan Halij zuwa Ayub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Ta daɗe a zaune a harabar, tattabaru na yawo a gabanta. Da muka fito muka sha miyar wani ɗan ƙaramin jan wake mai zafi da lemon tsami, ta zaro yajinta ta barbaɗa. Ni na sayi salef, wani abin sha mai kauri da madara da kirfa, kamar kunun gyaɗa, ita cokali ɗaya na bari ta ɗanɗana. Rana ta ƙarshe muka hau jirgin ruwa zuwa Uskudar, minti ashirin bai cika ba mun bar Turai mun shiga Asiya, tana gutsura wa tsuntsayen teku simit, burodinsu zagayayye mai riɗi. Duk wannan yawo da 'yar jakar hannu ɗaya muka yi shi.

Maganar tsaraba

A nan abin ya fi yi mini nauyi. Tun kafin mu tashi saƙonni suka fara shigowa: wannan abaya, wancan zanin gado, wata ma labule. Ga mu a Laleli, kowane shago kaya har rufi, ga kamfanonin aika kaya Afirka a kowane lungu. Ga babbar rufaffiyar kasuwa mai tituna sama da 60 tasha ɗaya daga masaukinmu. Na gaya wa kowa tun a gida cewa jinya zan je ba saro ba, kuma wanda yake son kaya zan haɗa shi da masu wannan sana'a. Wasu sun fahimta. Wasu har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, kuma ba zan ce abin bai dame ni ba.

Kambas ɗin da ya koma cikin jaka ya cinye rabin wurin da na ware. Abin da ya rage na sayi alawar lokum kwali biyu a Kasuwar Masar da ke Eminonu, carbi goma sha biyu da na cusa a cikin takalmin, mayafi huɗu, da safa masu hoton kyanwa na yarana. A sikelin filin jirgi jakata ta nuna 7.9. Gwaggo ta yanka lokum ɗin ƙanana-ƙanana, duk wanda ya zo sannu da zuwa ya samu ɗaya da labari mai tsawo.

Ba kowace tafiya ce za ta yiwu haka ba. Mai jariri da madara da famfas, ko wadda za ta yi wata uku wajen 'yarta mai jego, ta auna akwatinta hankali kwance, ta dai riƙe magani da kaya saiti ɗaya a hannu. Amma in kwana biyar ne ko mako guda, kuma akwai wanda za ki riƙe, tsoho ko yaro, ki fara ƙirga hannuwanki kafin ki ƙirga kayanki.

Watan jiya jikar Gwaggo za ta koma makaranta, aka fito da akwatuna ana ta cusa kaya. Ina daga tsakar gida na jiyo muryarta daga ɗaki: "Wace rana za ki sa shi?" Butar nan kuwa tana bayan ƙofarta, har yanzu da takardar kuɗinta a jiki.